Marin Bayan Labule

Da la'asar suka fito daga babban kanti, Baba riƙe da ledojin sayayya, Mama rungume da sabuwar tukunyar ƙarfe. Suka samu kujerun roba a harabar kantin, inda autarsu za ta yi rawa da 'yan makarantarsu.

Kiɗa ya tashi. Auta na layin gaba tana juyi, sai igiyar takalminta ta tsinke. Ta zame, ta faɗa kan ta kusa da ita, layin ya wargaje. 'Yan kallo suka yi dariya, ba wanda ya ɗauka da zafi sai malamin rawar.

Ya ja ta bayan labule, labulen kuwa bai rufu duka ba. Mama na kallo ya murɗe kunnen yarinyar, ya sharara mata mari, ya ƙara, har goshinta ya daki ƙarfen lasifika. Jini ya ɓalle.

Mama ta miƙe. Ta tsallake kujeru, ta haye dandamali, ta maka masa tukunyar a ƙeya. Ya durƙushe. Ƙanensa, wanda ke buga ganga, ya taso ya shaƙe mata wuya.

Baba tela ne, ko kaza bai taɓa duka ba. Ya watsar da ledojin, kwalbar mai ta fashe.

"Sake min mata," ya ce, ya cakumi rigar makaɗin. Naushi ɗaya makaɗin ya yi, ya zubar wa Baba da haƙori.

Daga nan wuri ya kaure. Kujeru na tashi sama, mutane na santsi a cikin mai, yara na kuka ƙarƙashin dandamali. Masu gadi suka shigo da kulake, ba su tambayi mai gaskiya ba.

A asibiti aka yi wa Auta ɗinki a goshi. Ɗan sanda na tambayar wa ya fara, sai ga wata mata janye da ɗanta. Ta ɗaga rigarsa, bayansa duk tabon bulala.

"Wannan ma aikin malamin ne," ta ce. "Tsoro ya hana ni magana."

Kafin magariba wasu iyayen suka biyo ta. Malamin aka tafi da shi.

A mota Auta ta ce, "Mama, shi ke nan na bar rawa?"

Mama, wuya a kumbure, ta girgiza kai.

"Za ki yi," in ji Baba, bakinsa cike da auduga. "Amma uwarki hannu rabbana za ta riƙa zuwa kallo."