Rijiyar Ciɗo

Dutsen farko da aka tura ya daɗe yana tafiya kafin a ji tsundum ɗinsa. Mutanen Tudun Aduwa suka yi tsit a bakin rijiyar, kamar masu jiran liman ya ta da kabbara a kan gawa. Babu mai kallon idon ɗan'uwansa. Sai da Almustafa ya naɗe hannun riga ya ce a ci gaba, sannan samari suka kama sauke duwatsu daga amalanken jakuna suna gangarawa ciki. Ƙarar ruwa ta yi ta raguwa, har ta koma ƙarar dutse a kan dutse.

Mahaifiyarsa, Inna Kadidiya, ita ta ja ruwan ƙarshe da hantsin nan. Ta hana kowa ya kama mata igiya, duk da tsufan da ya lanƙwasa mata baya. Ta cika wani rawayan bido, wato jarka, na tsohon man girki, ta toshe bakinsa da leda, ta murɗa marfin iya ƙarfinta.

"Inna, mi za ki yi da wanga ruwa?" in ji Almustafa. "Kahin bazara hwamfo na bakin ƙohwarki."

"Na wankan gawata na, Kwansaye," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba. "Ran da nim mutu, da ruwan rijiyar tsohonka za a wanke ni."

Ɗan fari ne, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. Tun da aka zaɓe shi kwansaye, wato wakilin garin a majalisar kwamin, ƙaramar hukumarsu, ta samu abin kiransa. Wani lokaci da alfahari take faɗa. Ranar nan kam, yadda kalmar ta fito daga bakinta, gara zagi.

Mijinta, marigayi Ciɗo, shi ya haƙa rijiyar. Ya fasa dutsen Adar gaba bayan gaba da diga da ƙarfin tuwo, ita tana kai masa fura a bakin rami da cikin Almustafa a jikinta. Garin ma a bayan rijiyar ya zo. Inna Kadidiya ta ɗora bidon a ka, ta nufi gida, ba ta waiwayo ba.

* * *

Kada a ɗauka Almustafa ɓarawo ne ko mahaukaci. Mutum ne mai son garinsu, wanda zaman majalisa ya koya masa wani karatu mai ɗaci.

Kuɗin tallafin da ke saukowa daga Yamai zuwa kwamin-kwamin yayi gare shi, kamar atamfar mata. An yi shekarar salga, aka gina ta jere a bayan kasuwa, yau awaki ke fakewar rana a ciki. An yi shekarar bankin hatsi, aka zo da gini da ƙofar ƙarfe da kwaɗo, hatsin ne kawai aka manta. An yi shekarar ramukan rabin-wata na tare ruwan sama, kowa ya ɗauki shebur ya hau fako. Ba wanda ya taɓa zuwa ya tambayi talaka inda ke masa ƙaiƙayi. Wanda ya je neman abin da ba a yayinsa, sai a ba shi kujera da ruwan sanyi, a sallame shi da "sai mun neme ka."

Ita kuwa rijiyar Ciɗo ba ta nemi wani abin a-zo-a-gani ba. Bakinta ya tsage, yashi ya taru a gindinta, da bazara sai an jira ta tara kafin guga ya cika. Yasa take so da 'yan buhunan siminti. Almustafa ya kai kukanta majalisa har aka fara yi masa dariya, ana kiransa mijin rijiya.

Wata rana sakataren ma'aikatar magajin gari, Abdulrazak, ya ja shi gefe. Mutum ne mai fara'a, mai tsabtar tufafi, wanda ya san hanyar da kowane kuɗi ke biyowa.

"Kwansaye, bar wahal da kanka. Gyara ya wuce yayi. Wa ka son a ɗauki hotonai gaban tsohuwar rijiya? Bana kuɗin ruwa na sabon foraj na, rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da shato, wato tankin ruwa, bisa, da hwamfo unguwa-unguwa. Sharaɗi guda ɗai: sai garin da ba ya da ruwa sam."

"Ai mu muna da rijiya."

"To ka ji matsalarku."

Almustafa ya ce ko a rufe ta da zana ranar da masu dubawa za su zo. Abdulrazak ya yi dariya. Ya ce wani gari can wajen Kalfu sun ɗora rumbu sukutum a kan tasu, amma sawun jakuna da laimar ƙasa suka tona musu asiri, aka cire su daga rabo. Bai ce a cike rijiya ba. Irin su ba su faɗin magana ta fito fili, sai dai su ajiye ta a gabanka su kau da kai.

A taron gari an yi musu. Wani dattijo ya ce ba a ganin hadari a yi wanka da kashi. Amma Almustafa ya iya magana, kuma ya yarda da abin da yake faɗa, wanda shi ne mafi hatsari. Ya ce a dubi tafin hannun mata yadda igiya ta mayar da shi. Ya ce ga kaka ta yi, tabki cike yake, zai riƙe gari har injin haƙa ya iso. Matasa suka goya masa baya, mata da yawa ma haka. Inna Kadidiya ba a tambaye ta ba, tunda ba a kiran tsofaffin mata taron ƙofar mai gari.

* * *

Masu dubawa sun zo cikin farar mota. Suka tarar da fili shafe, an ma daddasa turakun awaki a wurin. Aka jera mata da bidon wofi aka ɗauki hoto. Suka tambayi kwansaye ko garin yana da wata rijiya, ya dafa ƙirji ya ce babu, kuma a ranar gaskiya ya faɗa. Bayan 'yan watanni aka dawo da makaɗa, aka aza tubalin farko, aka kafa allon ƙarfe mai hoton famfo yana zubar da shuɗin ruwa. Ranar Almustafa ya sha kirari har kansa ya yi nauyi.

Injin haƙa bai zo da rani ba, aka ce sai bayan damina. Cikin daminar mulki ya canja hannu a Yamai, masu ba da tallafi na waje suka naɗe tabarmarsu, kuɗin foraj ya bi su. Daga baya aka rushe majalisun kwamin ɗin ma gaba ɗaya. Almustafa ya wayi gari ba kujera, ba foraj, ba rijiya.

Tabki kuwa bai san da wannan lissafi ba, lokacinsa na yi ya ƙafe. Ruwa ya koma sai a rijiyar makiyaya, can bayan tsauni, inda baƙo ke jira sai raƙuma da shanu sun ƙoshi. Amalanke ya fita da asuba, ba ya dawowa sai rana ta karkata. 'Yan mata suka bar makaranta suka bi jakuna. Lambunan albasa suka bushe. Gida bayan gida aka ja ƙaya aka toshe ƙofa, masu shi suka nufi Tawa ko ƙasashen gaɓar teku, ba da niyyar ci-rani ba, da niyyar tafiya.

Ba wanda ya zagi Almustafa. Da sun zage shi da ya fi masa sauƙi. In ya doso majalisar ƙofar masallaci sai hira ta mutu, a amsa sallamarsa a taƙaice. Ya sayar da babur ɗinsa ya sayi jaki na biyu, yana ɗebo wa gidajen tsofaffi ruwa kyauta, amma bai ji nauyin ya ragu ba ko kaɗan. Kunya ta cinye shi, ya rame. Kuma duk lokacin da ya shiga gaida mahaifiyarsa, idonsa sai ya faɗa kan rawayan bidon a ƙarƙashin gadonta. Ba ta taɓa ce masa "ai na faɗa" ba. Sai dai har yanzu Kwansaye take kiransa.

* * *

A bazara ta biyu, matarsa Safiya na da tsohon ciki, ya ji a rediyo ana cewa gwamnati ta ware wa kwamin-kwamin kuɗin ruwan sha. Bai iya zama ba. Ya bar wa ƙanensa jakunan, ya hau motar kasuwa zuwa Tawa.

A can ya sami Abdulrazak, an yi masa canjin aiki zuwa wani ofishi mai sanyi, ya ƙara ƙiba. Ya tarbe shi da murna ta gaskiya, ya miƙo masa ruwan leda mai ƙanƙara. Almustafa ya riƙe ledar a hannu, ya kasa sha.

"Gaskiya na, kuɗi sun taho," in ji Abdulrazak. "Amma ba su da yawa awa da. Yanzu an ce mu dogara da kanmu, a gyara abin da ad da akwai. Duk garin da ke da tsohuwar rijiya, za a yashe ta, a ɗaure ta da siminti, a ɗora mata hwamfo. Aiki mai kyau, wallahi."

Almustafa ya ajiye ledar ruwan. Abin da ya yi shekaru yana roƙo ke nan, kalma da kalma.

"To ai mu... rijiyar tsohona..."

"Wace rijiya? Tudun Aduwa ba ta da rijiya, Kwansaye. An taho an gani da ido. Kai da bakinka kah hwaɗi."

"Kai kac ce gyara ya wuce yayi!"

"Lokacin ya wuce. Yanzu ya dawo." Ya buɗe hannuwa. "Ni na ce ka cike ta? Ni abin da aka yayi ɗai ni ka hwaɗi. Ba ni ka yanka atamhwar ba, awo ɗai ni kai."

"In mun tone ta hwa? Mu kwashe duwatsun da hannunmu?"

"Kun hwasa bakin, kun tura ciki, gehen ya zube. Wa za ya shiga wanga rami? Kuma ko kun tone, a wurinmu sabon haƙa na, sabo kuwa ba kuɗinai bana." Ya sassauta murya, don ba mugu ba ne, tausayinsa ne dai ba ya hana shi cin abincin rana. "Ka yi haƙuri. Abin ga juyawa shi kai. Wata shekara yayin foraj na dawowa, kuma ku ne na hwarko, tunda ba ku da komi."

Almustafa ya fito cikin zafin Tawa. A bakin titi wani yana wanke mota da tiyo, ruwa na malala cikin kwata. Ya tsaya yana kallo har mai wankin ya tambaye shi ko lafiya.

* * *

La'asar ta yi lokacin da ya sauka a Tudun Aduwa. Ya bi ta gefen allon ƙarfen, rana ta cinye shuɗin ruwan da aka zana, saura famfon. Tun daga zaure ya jiyo kukan jariri.

Safiya ta sauka lafiya, an sami mace. Amma tsakar gidan a hargitse yake. Amalanken ruwa bai dawo ba tun asuba, an ce garken raƙuma ne ya sauka a rijiyar makiyaya. Ungozoma ta kankare gindin randa ta sami abin da bai cika moɗa ba. An zaga maƙwabta, kowa randarsa ƙaf. Ga jaririya cikin tsumma ba a wanke ba, ga mai jego leɓɓanta sun bushe.

Inna Kadidiya ta dubi ɗanta daga bakin ɗakinta. Ba ta tambaye shi labarin Tawa ba, fuskarsa ta riga ta ba ta. Ta shiga ciki, aka ji tana jan abu a ƙasa. Ta fito da rawayan bidon, ƙura ta lulluɓe shi. Ta zauna, ta kwance marfin, ta sa haƙori ta yage ledar.

"Inna, a'a," in ji Almustafa. "Ki bari, yanzu amalanke ya iso. Wanga naki na."

"Ku ɗora tukunya," ta ce wa matan. "A tahwasa shi da kyau, ya daɗe. A wanke baƙuwa, a ba uwar ta sha."

Ta karkata bidon da kanta. Ruwan ya fito garau, kamar jiya aka ja shi. Ta bi shi da ido har ɗigon ƙarshe, ta girgiza, ta ƙara girgizawa.

"To ke hwa, Inna? Ran da..." in ji Almustafa.

"Ni ku yi mini taimama, Kwansaye," ta ce a hankali. "Ƙasa dai ba ku rasa ta ba. Har rijiya kun ba ta sha."

Ta kife bidon a bakin ƙofa, ta karɓi jikarta ta rungume, tana jiran ruwa ya yi zafi. Iska ta taso ta ture bidon, ya gangara tsakar gida yana ƙarar wofi, har ya tsaya a ƙafar Almustafa. Ba wanda ya tashi ya ɗauke shi.