Citta Ta Yi Yawa

"Malam, buɗe baki. Kurɓa ɗaya kawai."

Mai Rediyo ya dubi kofin, ya dubi matar da ke riƙe da shi. "An gode, baiwar Allah. Matata na nan tafe, ita za ta ba ni."

Gwaggo ce matar tasa. Tun kafin a haife ni suke tare. Ta ajiye kofin a kan tsohuwar rediyon da ke gefen gado, ta ce da ni, "Kin ji ko? Yau ma ni baƙuwa ce."

Katanga ce ta raba gidanmu da nasu, kullum da safe nakan shigo in taya ta juya shi. A shago mantuwar ta fara: ya kwance rediyon mutane ya kasa haɗa ta. Sai hanyar gida ta ɓace masa, sannan sunayen 'ya'yansa. Likita ya ba da ƙwayoyi, ya ce za su rage wa ciwon gudu, amma abin da ya tafi ya tafi. Gwaggo ta karɓa, ta kuma biya wurin mai maganin gargajiya. Ya haɗa mata zogale da na'a-na'a da kurkum da garin citta, ya ba ta ɗan cokali, ya ce ta riƙa dafawa tana aunawa, kada ta wuce shi.

Ba ta taɓa wucewa ba. Ba warkewa take nema ba, ta gaya mini. "Ni dai ya gane ni kafin ya tafi."

Wata safiya cokalin ya ɓata. Ta duba kwando, ta duba ƙarƙashin murhu, ruwa na ta tafasa. Sai ta ɗebo cittar da hannu, yadda take zuba masa a shayi tun suna da ƙuruciya.

Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, tari ya sarƙe shi.

"Haba, Gajeruwa! Har yau hannun nan naki bai koyi awo ba? Da citta za ki kashe ni?"

Gwaggo ta tsaya cak. "Wa ka kira?"

"Akwai wata gajeruwar a gidan nan bayan ke?"

"To, Dogo, kai tsawon naka me ya tsinana maka?"

Ya yi dariya, ya ce ta tsufa. Ta ce ya nemi madubi. Ya riƙe mata bakin zani, ya tambaye ta ko ta ci abinci. Kafin kofin ya huce, ya saki zanin, ya ce, "Sannu, baiwar Allah."

Da na tsinci cokalin a bayan tulu, ta ce in bar shi a can. Daga ranar nan, da hannu take zubawa, kullum tana ƙarawa. Yakan yi tari, ya yi godiya, shi ke nan. Ya rasu wata rana da hantsi, tukunyar na kan wuta.

Bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, na shiga na tarar ta cika kofi biyu. Ta miƙo mini ɗaya. Na kurɓa, idona ya kawo ruwa. Ta zuba mini ido.

"Faɗi mana."

"Citta ta yi yawa, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai. Ɗaya kofin na kan rediyo, yana ta tururi.