Abin da Yaya Ya Naɗe a Hankici

Har yau in na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa. A cikin tsohuwar kwamfutar da ke ɗakin Yaya muryar Innarmu take. Kafin ta rasu mun ɗauki muryarta tana ba jikoki labari, tana yi mana faɗa, tana dariyar nan tata mai ƙarewa da tari. Ba mu da ita a ko'ina sai nan.

Da Yaya zai sauya gidan haya, ya ce kwamfutar ta daina tashi, ga nauyi, abin da ke riƙe da muryar kawai zai cire. Ya buɗe kundin sani na intanet a wayarsa, shafin kayan cikin kwamfuta. A gefe ga ɗan akwatin bayani, an rubuta ɓaro-ɓaro: ram shi ne ajiyar dindindin, faifai kuma ajiyar wucin gadi. Bawan Allah ya zare ram ɗin, wani siririn allo kore, ya naɗe a hankici, ya ba mai sayen gwangwani sauran.

Ni na kai wa mai gyaran kwamfuta hankicin. Ya warware, ya dube ni.

"Hajiya, ai wannan da an ɗauke wuta ya manta komai. A faifai ake ajiya. Ina faifan?"

Na ruga wurin mai gwangwani ko mayafi ban gyara ba. Ya nuna mini fili fetal. Sun farfasa, sun auna, mota ta kwashe.

Da na koma, Yaya ya nuna mini shafin. Ina gani na gane akwatin. Yo ba a teburin cin abincina aka haɗa shi ba? Aikin maigidana ne, wanda abokansa ke kira Edita. Samfuri yake ce masa, wai abu ɗaya ne da shafuka da yawa ke ara, ka taɓa shi a wuri ɗaya duk su canza. Ya ishe ni da fahariyarsa, abinci ya huce a gabansa yana zaɓen launin layi.

Na same shi a kan teburin nan, na dangwara masa wayar.

"Malam, karanta mini wannan."

Ya karanta, ya ce, "Kash! Gurbi biyu na musanya. Bari ki gani."

Ya danna nan, ya danna can, ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa har da murmushi.

"Shi ke nan. Duk shafukan sun gyaru lokaci guda. Kin ga amfanin samfuri?"

Wallahi saura kaɗan in kife masa teburin. Na ce launi ka iya dubawa, amma ba ka iya karanta abin da ka rubuta wa mutane ba? Ya ce ai aikin sa kai yake yi, kuma kowa na iya gyarawa. Kowa wa? Yaya da ya yarda da kai?

Sai a lokacin ya tambayi abin da ya faru. Na warware hankicin, na ajiye koren allon a kan madannan kwamfutarsa.

"Ga Inna nan," na ce. "Tunda ka iya gyara, danna ta yi magana."