Kafur a Akwatin Mama

Kwana huɗu da haihuwar ɗan Talatu, Rhoda ta sauka daga bas a Sabon Tasha ta taka zuwa Unguwar Boro don yin barka. Shekararta ta ƙarshe ke nan a makarantar koyon aikin jinya, jaririn kuma ɗan yayanta Ernest ne. A satin ne soja suka koma bariki, hirar ke nan a ko'ina, har a tsakar gidansu inda matan zumunta na coci suka cika tabarma suna shan kunu.

Tun daga ƙofar ɗaki warin kafur ya tare ta. Ta karɓi yaron ta kai shi bakin taga, ta danna hancinsa da yatsa ta ɗaga. Wurin ya fito rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Ta buɗe tafin ƙafarsa, nan ma haka.

"Tun safe bai kama nono ba," in ji Talatu a hankali.

Rhoda ta fito da shi waje. "Mama, akwai shawara fa."

"To ba mu mu ji," in ji Mama Celina, shugabar zumunta. "Yanzu farar hula ke mulki, kowa da bakinsa."

Aka kwashe da dariya.

"Ciwon nake nufi! Ciwon shawara!"

Uwarta, Mama Dorcas, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Mun gani, Sista. A shanya shi a hantsi, a ba shi ruwan gulukos. Yayanki ma ya yi, ga shi nan ƙato."

Wannan "mun gani" ɗin ne ke ƙona wa Rhoda rai. Kullum an gani, kullum ba a tashi. Ta karanta a makaranta cewa akwai jariran da jininsu ba ya jure kafur, ko shaƙarsa suka yi sai ƙwayoyin jinin su farfashe. Har a ƙasar Girka an taɓa fama da haka daga kayan da aka adana. In rawayar ta hau ƙwaƙwalwa, yaro ya kurmance, ko wuyansa ya ƙi tsayawa har abada, ko ya tafi.

"Kafur ɗinki ne ke kashe shi, Mama!"

Tun cikin yana wata shida Mama Dorcas take tara kayan jaririn, ta wanke, ta goge, ta jera a akwatinta, ta zuba kafur saboda kyankyasai.

"Ni? Ni zan kashe jikana?" in ji Mama. "To ba inda za shi. Jariri ba ya fita cibiya ba ta faɗi ba."

Rhoda ta tsaya da yaron a hannu. Gaskiya ta faɗa, amma ta faɗe ta yadda ba za ta shiga ba, kuma ba ita za ta ɗanɗana kuɗar wannan ba, yaron ne. Ta durƙusa a gaban tabarma.

"Mama, ban iya magana ba, ki yafe ni. Ke kika raini Yaya. Dubi tafin ƙafar nan. Nasa ya kai nan?"

Mama ta riƙe ƙafar ta daɗe tana kallo. Ta shafa kuncinsa da yatsa, bai juyo neman nono ba.

"Bai kai ba," ta ce.

Kafin wani ya ƙara magana Talatu ta fara cire masa riga. Mama Celina ta zaro tawul daga igiyar shanya, ta tura a tsayar da tasi.

A asibiti aka ɗebi jininsa, aka rufe masa ido, aka kwantar da shi tsirara a ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske. Likita ta ce da sun kai gobe, sai an canza masa jini.

Rhoda ta leƙo baranda. "Mama, an ce ki shigo ki gan shi."

Mama ta kai gefen zanenta hanci ta shinshina, ta girgiza kai.

"Daga akwatin nan na ciro shi. Ɗaga mini labulen kawai, ina hango shi daga nan."