Gangaren Kantin Kawu

Tayar keken guragun ta tsaya cak a gindin gangaren siminti, inda aka ɗora janareta aka ɗaure shi da sarƙa. Ta hagu matakala, ta dama kwata. Auta ta ɗaga kai ta dubi allon kantin maganin, sannan ta zaro igiyar awo daga jakarta.

Tun da hukumar kula da naƙasassu ta ɗauke ta aikin duba shaguna, ta san ranar nan na tafe. Kantin na ƙanin mahaifiyarta ne, mutumin da ya taɓa cewa sa gurguwa a makaranta ɗiban ruwa da kwando ne.

Kawu ya fito fuska a murtuke, bai amsa gaisuwarta ba.

"Auta, ke suka turo mini? To, ga gangare nan na yi. Sa hannu ki wuce, ina da jama'a."

"Janareta na gani a kai, Kawu."

"A kaina zan ɗora shi?"

Ta sunkuya ta auna. Ko an kawar da injin, babu keken da zai hau wurin nan bai kifa da mai shi ba. "Wannan ba gangare ba ne," ta ce, "bango ne ya kishingiɗa."

Wani mai sayen magani ya tuntsire da dariya. Jijiyar wuyan Kawu ta tashi.

"In shiga kike so, sai in sa a ciccibe ki har da keken."

"Ni ba buhu ba ce. Kuma ba ni kaɗai ke son shiga ba." Ta nuna wata tsohuwa mai sanduna biyu da ke tsaye cikin rana, tana miƙa takardar likita, tana jiran wanda zai karɓa mata.

Kawu ko kallon tsohuwar bai yi ba. Ya latsa waya, ya ƙara murya, ya miƙo ta daidai fuskar Auta. Muryar Inna, mahaifiyar Auta, ce ta fito, tana rawa.

"Auta, ki rufa masa asiri don Allah. Shi kaɗai ya rage mini."

Auta ta dubi wayar. Hannun nan na Inna ne ya tura kekenta har ta gama karatu, bai taɓa gajiya ba.

"Inna, zan zo gida mu yi magana," ta ce a hankali.

Ta rubuta abin da ta gani, ta yage takardar ta miƙa masa. "Ga wa'adin gyara nan. In ya cika ba a gyara ba, za a riƙe lasisin."

Ya bar takardar ta faɗi ƙasa.

"Ba laifinki ba ne," ya ce, yana duban ƙafafunta. "An ce zumunta a ƙafa take. Ina za ki san ta?"

Mai dariyar nan ya sunkuyar da kai.

"Daga yau kada in ƙara ganinki a cikin kantina!"

Auta ta naɗe igiyar awonta, ta mayar jaka, ta kama tayoyin da hannu biyu.

"Kawu," ta ce, "yaushe ka taɓa ganina a ciki?"