Fentin Nicanor

Laifin Evaristo Ludueña shi ne raina idon ɗan'uwa. Mutum ne mai hannu, babu wanda ya taɓa musa masa wannan, amma ya kai inda yake ganin duk abin da hannunsa ya taɓa ya gama kyau, ba ya buƙatar wani ya duba. Irin wannan girman kai ba ya hayaniya. A hankali yake cin mutum, sai ranar da ya gama da shi kowa ya gani.

A bayan gari, a gindin duwatsun Córdoba, akwai tsohuwar rumfar jirage da aka mayar gidan tarihi. A cikinta Shaho yake. Jirgin yaƙi ne na gwaji, shi kaɗai aka ƙera, ya tashi 'yan lokuta, sai gwamnati ta canza, waɗanda suka zo ba su da ra'ayinsa. Aka tura shi bayan rumfa, ruwa ya dake shi, rana ta gasa shi, tattabaru suka yi gida a bakinsa. Mahaifin Evaristo yana cikin waɗanda suka buga ƙusoshin fukafukansa. Evaristo yana ƙarami ya taɓa jin ƙararsa sau ɗaya, ranar da ya ratsa saman unguwarsu har gilasan taga suka yi rawa, uwarsa ta saki kwano. Ya girma, ya yi aikin injin jirgi har ya yi ritaya, ya binne matarsa, amma wannan ƙara ba ta fita kunnensa ba.

Da aka ce ana neman tsofaffin ma'aikata su gyara Shaho don a ajiye shi mutane su riƙa gani, Evaristo ne ya fara zuwa. Na biyu shi ne Nicanor Pedernera, mijin ƙanwarsa Ofelia, wanda suka yi aiki tare tun suna samari. Nicanor kunnensa ya yi nauyi saboda ƙarar injuna, don haka Evaristo yake kiransa Kurma. Shi kuma yana kiran Evaristo Janar, wai ko gishiri zai roƙa a tebur sai ya yi kamar yana ba da oda.

Doña Irma, matar da ke riƙe da gidan tarihin, ta faɗa musu sharaɗi tun ranar farko, a tsaye. Jirgin nan gyara shi za a yi don ido. Ba za a zuba masa mai ba, ba za a tayar da injinsa ba, domin idan wani abu ya same shi babu na biyu a duniya. Kowane ƙarfe da aka cire a wanke shi a mayar da shi inda yake. Kowa ya ce ya ji. Evaristo ma ya ce ya ji.

Sai kuma ƙa'idar da suka taso da ita tun a masana'anta: wanda ya ɗaura ba shi ke shaida ba. Idan ka ɗaure noti, sai abokin aikinka ya zo ya duba, ya taɓa, in ya gamsu ya ɗiga masa fenti. Kowa da launinsa. Na Evaristo ja ne, na Nicanor rawaya. Duk notin da ka ga ɗigon rawaya a kansa, ka san Evaristo ya ɗaura, Nicanor ya gani ya yarda. Da wannan ɗigon matuƙa jirgi suke komawa gida wurin 'ya'yansu.

Shekaru suka yi suna aikin. Sun kankare tsatsa, sun kwashe kashin tattabaru buhu-buhu, sun miƙe ƙarfen da ƙanƙara ta lotsa. A cikin fiffiken hagu Evaristo ya tarar da ƙusoshin da ya rantse na ubansa ne, wai ya gane su daga yadda aka kwantar da kawunansu. Nicanor ya ce ai kuwa, har ma ya ji suna gaishe shi. Evaristo bai yi dariya ba.

Da suka buɗe injin ne abin ya shige shi. Ya zaci zai tarar da gawa, sai ya ga wani mutumin kirki tun da can ya cika shi da man adana, ya toshe kofofinsa kafin a yar da shi. Ya sa yatsa ya tura farfelar ciki, ta juya shiru, ba ko gurnani. Ya daɗe a tsugune. Daga ranar ya daina kallon Shaho a matsayin abin ajiya.

Ya je wurin Doña Irma ya roƙa, sau ɗaya kawai, a tayar a kashe. Ta ce a'a. Ya ce ita ba ta taɓa jin ƙararsa ba. Ta ce gaskiya ne, kuma ta yarda ta mutu ba ta ji ba, in dai jikokin mutane za su zo su same shi a tsaye. Ya gwada Nicanor, shi kuma ya ce ko da an tayar ba ji zai yi ba, don haka a bar shi ya tsufa lafiya.

Sai Evaristo ya fara aiki shi kaɗai. Lokacin barcin rana, idan sauran sun tafi gida, shi yakan ce zai ɗan ƙarasa wani abu. Ya wanke tanki. Ya gyara famfon mai. Ya haɗa wayoyin da aka ce a bar su a sake. Da ya zo kan bututun da ke kai mai cikin inji, sai ya tsaya. Na roba ne, na asali, ya kusa zama sa'ansa. Ya san inda zai samo sabo, amma sabo yana ƙyalli, Nicanor na leƙawa zai tambaya me jirgin ajiya zai yi da sabon bututu. Ban da haka, Evaristo ya saba bugun ƙirji cewa babu baƙon ƙarfe ko ɗaya a jikin Shaho, komai na asali ne, kuma robar wancan zamani ta fi ta yanzu. Ya murɗa bututun a hannu, ya hura masa iska, bai ji yoyo ba. Ya mayar ya ɗaure.

Noti ba ɗigo kuwa kamar mutum ne ba riga, kowa sai ya kalla. Ya je kantar Nicanor ya ɗauko gwangwanin rawaya. Ya bi duk notin da ya ɗaura ya ɗiga masa. A ransa ya ce ai da Kurma ya duba ma abin da zai yi ke nan.

Wata Juma'a da safe suna zaune a bakin rumfa, Evaristo yana zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, ganyen shayin da suke zuƙa da bututun ƙarfe, yana miƙawa, ƙoƙon yana zagayawa kamar kullum. Da sauran suka tashi, Nicanor ya riƙe ƙoƙon bai zuƙa ba.

"Janar, ina jin tsufa ya fara taɓa mini kai."

"Yau ka sani?"

"Jiya na leƙa cikin inji, na ga ashe ina ta ɗiga fenti a wuraren da ban taɓa zuwa ba. Har bututun mai na shaida. Ka ga ƙwazo."

Evaristo ya ce aikin banza ne ya ɗauke masa, tunda jirgin ba tashi zai yi ba, kuma gwiwar Kurma ba ta son tsuguno. Nicanor ya ce gwiwarsa ta gode, amma hancinsa bai kurmance ba, ya ji warin kananzir a tanki. Evaristo ya ce na wanki ne.

Nicanor ya dube shi, irin kallon wanda ya san ka tun ba ka da gemu.

"Sunana ka sa, Evaristo. Da kuɗina ka ɗauka da ban ce komai ba."

Ya ce ba zai kai maganar wurin Doña Irma ba, saboda Ofelia, kuma saboda ba ya so a kori tsoho daga wurin da ya rage masa. Amma ranar Litinin zai kwance duk notin da ke da rawayar da ba tasa ba, ya zubar da abin da ke tanki. Ya zuƙi mate sau ɗaya, ya miƙa ƙoƙon ya ce ya gode. A wurinsu wanda ya ce ya gode ya fita daga zagayen ke nan. Tun suna samari bai taɓa cewa ya gode a ƙoƙon farko ba.

Da wani mutum ne, kunya ce za ta kama shi. Evaristo lissafi ya kama yi. Litinin aka ce. Gobe Asabar, ranar da suke turo Shaho waje don a wanke daɓen rumfa, sannan su gasa nama a ƙarƙashin bishiyoyin baya. Doña Irma kuma ta tafi birni bikin 'yar ɗan'uwanta. Ya ce wa kansa idan suka ji ƙarar, duk za su yi shiru. Ita kanta Doña Irma sai ta yi baƙin cikin ba ta nan.

Asabar aka turo jirgin, rana ta haske shi har ido ba ya iya tsayawa a kansa. Aka wanke daɓe, aka bar tiyon ruwa a yashe a bakin ƙofa. Gangunan yashi na kashe gobara an tura su can ƙuryar rumfa don kada su jiƙe. Hayaƙin nama ya tashi a baya, ana ta gardamar ƙwallo. Evaristo ya ci tsiran alade guda, ya ce zai je ya kama ruwa.

Ya jawo keken da ya jera wa baturan manyan motoci, ya haɗa. Ya hau tsani da ƙyar, ya zauna a kujerar matuƙi, inda ubansa bai taɓa samun izinin zama ba. Ya danna maɓallin tayar da inji.

Da fari wani siririn kuka ne, yana hawa. Sai injin ya yi tari, ya kama. Ƙarar ta cika filin, ta bugi duwatsu ta dawo, kwanon rumfa ya ɗauki rawa, karnukan unguwa suka ruɗe. Ita ce. Ita ce wadda ta sa uwarsa ta saki kwano. Evaristo ya ji hawaye na bin kumatunsa, ya waiga don ya ga fuskokin abokan aikinsa.

Ya gan su sun zagayo rumfa a guje, wani da wuƙar nama a hannu. Nicanor ne a gaba, yana ɗingishi, shi ta ƙafa ya ji abin, ƙasa ce ta gaya masa. Ba murna suke ba. Hannu suke ɗagawa suna nuna cikin jirgin.

Tsohuwar roba ta iya riƙe iskar bakin mutum, amma ba ta iya riƙe matsin famfo ba. Ta tsage, mai ya feshe kan ƙarfe mai zafi. Evaristo ya kashe injin, ya sauko, ya faɗi a matakin ƙarshe, ya tashi. Wuta tana fita ta ƙarƙashin fiffike. Nicanor ya riga ya isa, ya cire rigarsa ya naɗe hannu yana ƙoƙarin buɗe murfin inji, yana ta kiran a kawo yashi, a kawo yashi.

Akwatin injin Shaho da wani ƙarfe mara nauyi aka yi shi, irin wanda idan ya kama wuta ruwa abinci ne a gare shi. Evaristo ya san wannan. Shi ya koya wa rabin mutanen da ke wurin. Amma yashi yana can ƙurya, tiyo kuwa ga shi a gabansa, kuma fiffiken ubansa ne ke ci. Ya ɗauka ya buɗe.

Wutar ta yi fari fat, ta fi rana, ta yi tsalle da ƙara. Nicanor ne ya fi kowa kusa, fuskarsa a bakin murfin.

Kafin 'yan kwana-kwana su iso, tsakiyar jirgin ta narke, ya karye gida biyu, hancinsa ya kifa ƙasa. Suna ɗaukar Nicanor zuwa mota, wani ya zo ya zare tiyon daga hannun Evaristo, domin har lokacin yana riƙe da shi, ruwa na zuba a kan takalmansa.

Masu bincike da suka zo sun tono guntun bututun a cikin toka, da notinsa, da ɗan ragowar ɗigon rawaya a kai. Suka ce to, ai an duba, an shaida, wa ke da rawaya? Nicanor yana asibiti fuskarsa a naɗe, ba ya iya magana. Evaristo ya tsaya a gabansu, ya ji yadda shiru zai yi masa sauƙi. Bai sami damar zaɓa ba. Ofelia ce ta amsa, domin mijinta ya gaya mata komai tun daren Juma'a, a kan tebur, ya kasa cin abinci. Ta faɗa a gaban kowa, ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma kalli yayanta ba.

Ya je asibitin sau ɗaya. Ta tare shi a ƙofa.

"Ba ya ji, ka sani. Yanzu kuma ba ya gani. Me ka zo nuna masa?"

Ya ce yana so ya riƙe hannunsa ne kawai. Ta ce hannun ma a naɗe yake.

Ga abin da Evaristo Ludueña ya samu: ya ji ƙarar Shaho, gwargwadon lokacin da mutum zai sha ƙoƙon mate ɗaya. Ga abin da ya biya. Jirgin da babu irinsa ya zama tarkace an rufe da tamfol a bayan rumfa, a daidai inda aka fara yar da shi. Fiffiken hagu da ƙusoshin ubansa sun narke, ko guda bai tsinta ba. An karɓe mabuɗinsa, gidan tarihin ya sallami tsofaffin duka, har waɗanda ba su yi komai ba, kuma idan sun hango shi a kasuwa sai su sauya layi. Ƙanwarsa, wadda ita kaɗai ta rage masa a duniya, ta daina ambaton sunansa. Nicanor yana zaune a tsakar gida, ido biyu sun tafi, ana ba shi abinci a baki. Shi kuma Evaristo kullum da safe yana dafa ruwa, ya cika ƙoƙo, ya zuƙa, ya sake cikawa, babu wanda zai miƙa wa.