Warin Kwana Tara

Kwana tara wani wari yana bina a ɗaki. Ba na fitsarin kwance ba ne, wannan Zayyad ɗan autana ya gama sanar da ni shi. Wani abu ne mai tsami, mai kama maƙogwaro, da an buɗe ƙofa sai ya tari mutum. Tir!

Ni malamar firamare ce a Gubuchi, amma a Makarfi nake zaune. Ƙarfe bakwai ina kan acaɓa. Maigidana Safiyanu lodin rake yake kaiwa Kudu, sai in yi sati biyu ban sa shi a ido ba. Shara, wanki, wanke-wanke, duk a guje nake yi, amma ƙazanta kam ban yarda da ita ba. Rumaisa, 'yata mai shekara bakwai, tana rigana dawowa daga makaranta, ita kaɗai take cin abincin rana. Kullum sai na ja mata kunne: "Kada in dawo in ga kwano da sauran abinci a gidan nan." Ban kuwa taɓa gani ba, har yabonta nake yi a gaban malamai.

Na ɗaga katifa, na jawo gado, na leƙa bayan kabad ko ɓera ne ya mutu. Babu. Na banka turaren wuta, ya haɗu da warin, abin ya ƙara muni.

Sai zargina ya faɗa kan Yaya Zulai, maƙwabciyata mai sana'ar daddawa, wadda kwatarta ke bi ta bayan tagata. Ita ke riƙe mini Zayyad tun safe har in dawo, kuma in ba ita ba, ba ni da inda zan ajiye shi in tafi aiki. Na san haka sarai. Amma ranar Juma'a na dawo a gajiye, warin ya doki hancina, ban san lokacin da na faɗa gidanta ba, ga mata uku sun zo sayen daddawa.

"Haba Yaya Zulai! Ruwan kalwarki zai kashe mu a ɗaki. Mutum ya riƙa gyara kwatarsa mana!"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta kwance Zayyad daga bayanta ta miƙo mini.

"To, Malama. Tunda gidana ƙazami ne, ran Litinin ki nema wa ɗanki mai tsabta."

Ran Asabar na fitar da komai tsakar gida, ina aiki ina tsaki. Har na kai kan kwanukan jerena na aure da ke cikin kabad, waɗanda na shekara ban buɗe ba, sai dai in goge bayansu su yi ƙyalli. Na ɗaga babban, na ji nauyi. Na buɗe murfin.

Innalillahi! Tuwo ne da miyar kuka, da taliya, da wake, sun narke sun yi kore, tsutsa fara fat tana motsi har a jikin murfin. Kwano huɗu haka. Da ƙyar na kai bakin rariya, na yi amai har hawaye.

"Rumaisa! Zo nan! Mene ne wannan?"

Ta raɓe da bango. "Umma, ba na iya cinyewa. Kin ce kada ki gani, kuma kin ce zubar da abinci zunubi ne."

Hannun da na ɗaga sai ya sauka da kansa. Kunya ta rufe ni, ƙyamar kaina ta fi ta tsutsar.

Na rufe kwanon, na ɗauke shi haka nan zuwa gidan Yaya Zulai, na buɗe a gabanta. "Ga warin, Yaya. Daga ɗakina yake. Don Allah ki yafe mini."

Ta toshe hanci da gefen zani, ta leƙa, ta tofar da yawu gefe.

"Na sani ai. Tun makon jiya yarinyar ta gaya mini tana kuka. Sau biyu ina cewa ki zauna mu yi magana, kina cewa kin makara."

Na mayar da murfin na rufe kwanon.

"Ki kawo Zayyad ran Litinin," in ji ta. "Ita ma Rumaisa ta riƙa cin abincinta a nan. A gidana ba ta jin tsoron ta ce ta ƙoshi."